Garin da Nake Rubutawa a Fom

Tun daga fom ɗin jarrabawar gama firamare har zuwa wanda na cike na shigo wannan makaranta, duk inda aka ce in rubuta ƙaramar hukumata, Wurno nake rubutawa. Hannuna ya saba da haruffan nan biyar har ba na tsayawa tunani. Amma gaskiyar magana ita ce, har na shiga ND 2 ƙafata ba ta taɓa taka garin Wurno ba. A cikin Sakkwato aka haife ni, a nan na yi wayo, alhali tsakanin ƙofar gidanmu da Wurno bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba, in direba bai tsaya kwasar fasinja a hanya ba.

Babana, Allah Ya jiƙansa, ɗan Wurno ne gaba da baya. Ya baro garin tun yana saurayi, bayan rasuwar mahaifinsu, saboda wani saɓani da ya shiga tsakaninsa da yayansa a kan gonar fadama. Ya shigo Sakkwato ya kama aikin birkila, ya yi aure, ya haife mu, bai ƙara komawa ba. A gidanmu ba a hana maganar Wurno da baki ba, amma kowa ya san ba a yin ta. Idan aka ambaci garin a gidan rediyon Rima, sai ka ga Baba ya miƙe ya ce bari ya je masallaci, ko da kuwa lokacin salla da saura. Abu ɗaya ne ke tona masa asiri, wato albasa. In Inna ta aiko aka sayo, sai ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya shinshina, ya ce, "Wagga ba ta Wurno ba ta." Daga nan ba ya ƙara kome. Ina aji biyu na babbar sakandare ya rasu, ya tafi da sauran maganar a cikinsa.

Abu biyu ne suka taso ni a semistar da ta wuce. Na farko tallafin karatu. Kun dai san yadda abin yake: sai ka kawo takardar shaidar cewa kai ɗan asalin ƙaramar hukumarku ne, ita kuwa takardar ba ta samuwa sai wani ya tsaya ya ce ya san ka, ya san gidanku. Tsohuwar da Baba ya samo mini ta ɓace a lokacin da muka tashi daga gidan haya. Kuɗin makaranta kuwa a wuyan Inna suke, ita da keken ɗinkinta.

Na biyu ya fi na farkon ciwo. Ina da wani aboki a ajinmu, ɗan Maraɗi, wanda yayansa ke karatu a Faransa. Wata rana da dare muna zaune a bakin hostel, ya buɗe mini hotunan da yayan ya turo masa na wani ɗan ƙaramin gari da ya kai ziyara, Ambuwaz, a bakin kogin Luwar. Gidajen dutse tsaf-tsaf, ga wata tsohuwar fada a kan tudu tana kallon ruwa. Ya ce a cikin fadar nan Faransawa suka tsare Sarki Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, bayan ya yi shekara 15 yana yaƙarsu, kuma wasu daga cikin mutanensa a can suka rasu, a can aka binne su. Ni kuwa na saki baki ina ta cewa, "Kai! Allah Ka kai mu." Sai ya dube ni ya ce, "Kai da kake ɗan Wurno? Kakana har ya mutu yana labarin ziyarar da ya kai hubbaren Bello. Yaya wurin yake yanzu?"

'Yan uwana, sai na yi ƙarya. Na ɗauko kamannin Hubbaren Shehu da na sani a nan cikin gari na ɗora wa Wurno, na yi ta zuba. Ya yi shiru yana saurare, can ya ce, "To ran Asabar ka kai ni." A daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba. Da safe kafin lakca ta farko na ja shi gefe na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yo ai shi ke nan, sai mu je mu gani tare."

Shawo kan Inna shi ne babban aiki. Duk wanda ke zaune a Sakkwato ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki a 'yan shekarun nan. Ba a manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, ga labaran da ke zuwa daga Rabah da Isa da Sabon Birni. Inna ta ce, "Takarda ta fi ranka? Ka bari, Allah Shi na nan." Na ce mata motoci na zuwa suna dawowa kullum, mutane na cin kasuwa. Ta yi kwana biyu ba ta ce mini uffan ba. Ran Juma'a da dare sai ga ta da ƙullin goro da kwalin sukari da turmin atamfa ɗaya. Ta ce goro da sukari na Baffa ne, atamfa ta Goggo, ƙanwar Baba wadda ni ban ma san tana raye ba. Ta kwatanta mini unguwar, ta ce in nemi gidan da ke da zaure mai dakali. Sannan ta kafa sharaɗi: "Ku yi sammako, kuma la'asar ta iske ku cikin Sakkwato."

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari. Muka hau kabu-kabu daga Farfaru zuwa tasha, muka shiga wata mota da aka cusa mu mu huɗu a baya. Bayan mun wuce Achida sai hanya ta fara nuna mini abin da ban zata ba. Ni a tunanina, da zarar ka fita Sakkwato a watan Janairu, babu abin da za ka gani sai kara da ƙura. Sai ga fadama shimfiɗe, kore shar, iyakar ganinka. Albasa, tafarnuwa, alkama, ga injinan ban-ruwa suna ta tatata, ga mutane sun duƙa tun da sanyin safiya. Garin kuma yana can bisa tudu, yana kallon kwarin gulbin Rima. Abokina ya zungure ni ya ce, "Ka gani ko? Tudu da ruwa. Fadar dutse kawai ta rage muku."

Shi ne ma ya tuna mini cewa ruwan nan da nake kallo har da na garinsu a ciki. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya zuba a Rima. Ita kuma Rima, bayan ta baro madatsar ruwa ta Goronyo, sai ta biyo ta Wurno, ta haɗu da gulbin Sakkwato, su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa Kwara. Ke nan ruwan famfon da na sha na girma, ta gindin garin Baba yake wucewa kafin ya iso mana. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba sai ranar.

Muka ce mu fara da ziyara kafin neman gida, don gaskiya ni gabana faɗuwa yake yi, ina neman abin da zai ja mini lokaci. Wani yaro ya raka mu hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Muka tuɓe takalma, muka yi sallama, muka yi addu'a. Wurin shiru, babu hayaniya irin ta cikin birni. A waje muka tarar da wani dattijo zaune da tasbaha, muka durƙusa muka gaishe shi, hira ta ɓarke. Abin da ya faɗa mana, da abin da na je na ƙara karantawa bayan mun dawo, shi ne zan taƙaita muku, don na tabbata akwai irina da yawa a makarantar nan.

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ne, shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kuma shi ya gaji mahaifinsa a 1817. Bayan ya yi kimanin shekara goma a kan mulki sai ya gina Wurno ya mai da ita ribaɗi, wato garin da ake kafawa a bakin iyaka don tsaron ƙasa, mutane su zauna da iyalansu suna noma suna karatu suna kuma gadi. A lokacin, barazanar daga arewa maso gabas take zuwa, daga Gobirawa da abokan ƙawancensu. Maimakon ya zauna a tsakiyar birni ya tura wasu, sai ya koma can da kansa. A 1836 ya ci nasara a yaƙin Gawakuke a kan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, a 1837 kuma Allah Ya karɓi ransa a Wurno, aka binne shi a can. Mutum ne marubuci. Shi ya rubuta Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe masu tarihin jihadi ba su da kamarsa, kuma ya yi rubuce-rubuce har a kan magunguna. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. A zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853, ya yi makonni yana jiran Sarkin Musulmi ya dawo daga yaƙi. Wato akwai lokacin da, in kana son ganin mai mulkin daular da ta kai har Adamawa da Ilori, wannan ɗan garin za ka nufa. Har yau hakimin garin Sarkin Sudan ake ce masa, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya riƙe.

Da dattijon ya zo kan Gawakuke, sai abokina ya ce, "Baba, ashe don kakannina aka gina garin nan." Dattijon ya tambaye shi daga ina yake, ya ce Maraɗi. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "To ga shi yau ka zaka da ƙafarka, ka tuɓe takalmi." Muka yi dariya gaba ɗaya. Daga nan ya juyo kaina ya ce, "Kai hwa, ɗan wane gida na?" Na faɗi sunan kakana. Ya ɗan yi jim, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya kira yaron nan ya ce ya kai mu.

Muna tafe cikin lunguna, idona na ɗalibin fasahar gine-gine bai bar ni na huta ba. Ga tsofaffin gidajen ƙasa na tubali, masu rufin azara, wasu da sauran makuba a jikinsu, ga kuma na bulo da kwano sun kutso a tsakaninsu. Wasu sorayen sun zube an bar su, awaki na hawa. A aji an koya mana awon siminti da yashi da tsakuwa har mun haddace, amma ban tuna ranar da muka tsaya a kan yadda ake haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa ba, ko dalilin da ya sa soron ƙasa ke yin sanyi da rana ya yi ɗumi da dare. Ba ina kushe bulo ba ne, da shi Baba ya ciyar da mu. Abin da ya dame ni shi ne, a hotunan Ambuwaz kowane tsohon gini an gyara shi an kafa masa allo, mu kuwa namu bayanin yana bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke yi.

Kafin yaron ya nuna gidan na gane shi, ga zaure ga dakali. Muna isa wata tsohuwa na fitowa da ƙwarya a hannu. Ta tsaya cak tana kallona ina matsowa. Ban buɗe baki ba ta saki ƙwaryar ta ce, "La'ilaha illallahu! Wagga tahiya ta yayana ta." Sai kuka. Goggo ce. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana tambayar Inna, tana tambayar ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ashe duk ta san mu. Masu kai albasa Sakkwato ne ke kawo mata labarinmu shekara da shekaru.

Baffa kuwa daban. Dogo ne, siriri, ya fi Baba tsawo, amma goshin iri ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro da sukari. Ya amsa a taƙaice, ya tambayi mutan gida, ya yi shiru. Aka kawo fura, abokina ya duƙufa, ni kuwa na kasa sha. Can Baffa ya ce, "Mi yak kawo ka?" Wallahi a hanya na shirya jawabi mai daɗi a kan zumunci, amma da ya kafe ni da ido sai gaskiya ta fito tsirara. Na ce, "Baffa, takarda nake nema." Kunya ta rufe ni. Ya gyaɗa kai ya ce, "Gara da ka hwaɗi gaskiya. Ubanka ma bai iya ɓoye magana ba. Tashi mu tahi."

Na ɗauka wurin mai unguwa za mu, sai na ga mun gangara fadama. Muka bi ta kan kunyoyi, yana gaba ina biye, har muka kai kusa da gulbi. Ya tsaya ya nuna da sandarsa. "Daga wanga icce har bakin ruwa, rabon ubanka na." Na duba. Kusan rabin wurin rairayi ne fari fat, ko ciyawa babu. Sauran rabin an shuka albasa. Ya ce ambaliyar 2010 ce ta yi wannan aiki. Ni ina yaro lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne yadda ruwa ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo aka yi ta magana a gari. Ashe a daidai lokacin gulbi yana can yana cinye abin da ya raba Baba da ɗan'uwansa, ya zuba yashi a madadinsa.

Muka zauna a gindin iccen. Ya ce Baba so ya yi ya sayar da rabonsa ya tafi birni, shi kuma ya ce ba a sayar da gonar gado yana raye. Magana ta yi zafi, aka faɗi abin da bai kamata ba a gaban mutane. "Ni babba na, ni ya kamata in neme shi. Kullum sai in ce baɗi." Ya yi shiru yana tona ƙasa da sanda. Sannan ya faɗi abin da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. "Ranar da anka bizne shi ina nan. Na bi salla a sahun baya, na bi har maƙabarta. Na gane ka, kana riƙe da buta. Ban iya shiga gidanku ba, sai na hau mota na komo."

Ban san abin da zan ce ba. Haushi ya taso mini, don na tuna watannin da suka biyo bayan rasuwar, lokacin da Inna ta sayar da gadonta na ƙarfe ta biya mini kuɗin jarrabawa. A ce akwai wanda ya tsaya a sahun baya ya juya? Amma kuma ga tsoho a gabana, ya haura saba'in, idonsa ya kaɗa, yana kallon yashi. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba. Abin da na iya cewa shi ne, "Allah Ya jiƙan Baba." Ya ce, "Amin." Muka tashi.

Daga can ya kai ni gidan mai unguwa da kansa. Ya ce, "Wanga ɗan ƙanena na, ɗana na." Iyakar shaidar ke nan. Aka rubuta abin da za a rubuta, aka ce in dawo ranar aiki in ƙarasa sauran a sakatariya. Kafin mu gama gaishe-gaishe, don Goggo sai da ta zagaya da ni gida shida tana nuna ni kamar sabon zane, an yi kiran la'asar. Baffa ya ce babu inda za mu, ba a kama hanya da yamma. Na kira Inna. Ta yi faɗa sosai, har na nisanta wayar da kunnena. Can ta ce, "Shina kusa?" Na ce e. Ta ce in ba shi. Ban ji abin da ta faɗa masa ba. Na dai ji shi yana cewa, "Awo... awo... gaskiya ta... in sha Allahu." Wannan ne karo na farko da suka taɓa jin muryar juna.

A zaure muka kwana, ni da abokina. Da dare ya yi nisa na ji motsi da maganganu ƙasa-ƙasa a waje, ga hasken tocila yana gilmawa. Na zabura. Wani ɗan Baffa da ke kwance kusa da ƙofa ya ce in kwantar da hankalina, matasan unguwa ne masu sintiri, shi ma gobe kwanansa ne. Da rana yana fadama, da dare yana gadi. Na kwanta ina tunanin bayanin dattijon nan a kan ribaɗi. Kusan shekara 200 bayan Bello, ga jikokin mutanen da ya zaunar a nan suna noma da rana suna tsaro da dare. Mu a cikin birni labarin muke ji a rediyo mu ce Allah Ya kyauta, mu ci gaba da shan shayi. Albasar da ake yanka mana a kan wake da shinkafa a bakin get, irin waɗannan samarin ne ke noma ta.

Da asuba bayan mun dawo masallaci, Goggo ta ce in zo in ga wani abu. Ta haska mini gefen dakalin nan na ƙofar zaure. A jikin simintin akwai rubutun ajami da aka yi da tsinke tun yana ɗanye. Sunan Baba ne. Ta ce shi ne aikin siminti na farko da ya taɓa yi, yana yaro, da ragowar da ya roƙo a wurin wasu magina. Dakalin ya tsattsage, an sha yi wa zauren yaɓe, amma ba a taɓa wurin ba. Ta rage murya ta ce, "Nan Baffanka ka zama kullum da marece." Na ɗauki hoton rubutun da wayata. Shi ne hoto mafi muni a cikin duk waɗanda na ɗauka, don hasken bai isa ba, amma shi na sa a fuskar wayar.

Muka dawo da rabin buhun shinkafa da buhun albasa, har sai da direba ya caje mu kuɗin kaya. Inna ta dubi kayan ba ta ce kome ba. Da rana ta dafa shinkafar. Muna ci sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya gaya maka ubanka ya so saida gona ko?" Na ce e. Ta ce, "Bai gaya maka shi ya fara jinginar da ita ba da sanin ubanka ba?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ci gaba da cin abincinta. Har yau ban san wanne ne daidai ba, wataƙila ma duka biyun sun faru. Wanda zai warware mini yana ƙasa, ɗayan kuma ba na jin zan iya tambayarsa. Na dai lura da abu guda: da ta ɗauki albasa za ta yanka, sai da ta matsa ta, ta shinshina.

Takarda ta samu bayan na sake komawa sau biyu, kuma na miƙa ta inda ake nema. Ko tallafin zai fito ko ba zai fito ba, wannan na Allah ne. Abokina ɗan Maraɗi ya tura wa yayansa hotunan fadamar Wurno, shi kuma ya amso da cewa in ya dawo hutu sai an kai shi. Ni kuma na yi magana da malamin da zai duba aikina na ƙarshe, na ce ina son in yi shi a kan tsofaffin sorayen Wurno, in auna su, in zana su, in zauna da maginan da suka rage in rubuta yadda suke haɗa kayan aikinsu. Ya ce in kawo a rubuce ya gani.

Na san a makarantar nan akwai masu rubuta Gwadabawa, da Yabo, da Tambuwal, da Gada, da Isa, waɗanda rabonsu da garuruwan tun suna goye, ko ma ba su taɓa zuwa ba kamar ni. Wasu rashin tsaro ne ya hana su, kuma ba zan ce wa kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. A tambayi masu bin hanya, a yi sammako, a ji maganar iyaye. Amma wasunmu ba hanya ce ta hana mu ba, wata tsohuwar magana ce da muka gada ba mu san farkonta ba. In da mai irin tawa, shawarata ita ce ya je tun masu amsa sallamar suna nan. Ni da na ƙara shekara biyu ko uku, Allah kaɗai Ya san wanda zan tarar a kan dakalin. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, in an tashi shirya yawon buɗe ido na bana, a sa Wurno a lissafi. Kuɗin motar bai kai na datar da muke ƙonawa a mako ba.

Makon jiya ɗan Baffa ya kira ni, ya ce an kusa cirar albasa, tsoho na tambaya ko zan zo in ga abin da rabon Baba ya bayar. Na gaya wa Inna. Tana kan keke ba ta ɗago ba, ta ce, "In za ka tahi ka hwaɗa min da wuri. Akwai rigar da nika son in ɗinka ma Goggonka."